Amsoshin Tambayoyinku: Ziyarar Matatun Wuski a Sikotilan da Tarkon Sayen Ganga

Biyar daga cikin wasiƙun wannan mako sun haɗu a kan abu ɗaya, wato yawon da ake kai baƙi matatun wuski na Sikotilan, da abin da yake biyo bayansa na saye da kashe kuɗi. Ba magana ce da muka saba yi a fili ba, amma 'ya'yanmu da ƙannenmu suna can suna karatu da aiki, ana gayyatarsu, ana yi musu talla, kuma gara su ji bayani daga nasu.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a Abadin. Sashenmu ya shirya fita ta ƙarshen zango zuwa wata matatar wuski a yankin Speyside, kuma malamin da ke duba aikina shi ne kan gaba. Ni Musulma ce, ina tsoron idan na ƙi zuwa a ɗauke ni mai girman kai, ko abin ya shafi makina. Na kasa barci.

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, abin bai kai yadda kika ɗauke shi ba. Bari in fara gaya miki abin da ake yi a wurin, don ki yanke shawara da sani. Ziyarar takan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Ɗan jagora zai nuna muku sha'ir da aka jiƙa har ya yi tsiro sannan aka busar, kamar yadda masu burukutu suke yi wa dawa, sai inda ake niƙa shi a haɗa da ruwan zafi, sai manyan ganguna da ake zuba yis a bar ruwan ya tsima kwana biyu ko uku. Daga nan a shiga ɗakin tukwanen jan ƙarfe inda ake dafa shi a tara tururinsa, galibi sau biyu, a ƙare da rumbun da ake jera gangunan katako na shekaru. Warin barasa ya cika wurin tun daga ɗakin tsimi, kuma ƙarshen kowace ziyara zama ne a tebur ana miƙa kofuna, domin kuɗin tikitin ya haɗa da ɗanɗanawa. Ba a tilasta wa kowa sha.

Ni ba malami ba ne, kuma hukunci na malamai ne, ki tuntuɓi limamin masallacinku na Abadin. Sai dai kin san aya ta 90 ta Suratul Ma'ida umarni ta yi da a nisanci giya, kin kuma san hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da ita. Shawarata ita ce kada ki je, kuma kada ki ƙirƙiro ciwon ƙarya. Ki rubuta wa malaminki layi biyu cikin ladabi, ki ce addininki bai ba ki damar halartar wurin ba, kina yi musu fatan alheri. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana a cutar da ɗalibi saboda addininsa, sannan kundin digiri na biyu ba mutum ɗaya yake ba shi maki ba, akwai mai dubawa na biyu da mai sa ido daga wata jami'a. Idan kina son ki nuna ba gudun mutane kike yi ba, ki ba da shawarar fita ta gaba a je tsohuwar ganuwar Dunnottar kusa da Stonehaven, wadda jirgin ƙasa yake kai mutum garin cikin ƙasa da rabin awa daga Abadin.

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne a Gilasgo, Kirista daga kudancin Kaduna. Surukina zai kawo mana ziyara, kuma ya daɗe yana son ganin inda ake yin wuski. Wace matata zan kai shi, kuma nawa zan tanada?

Amsa: Ƙanena, ka zaɓi ta kusa da ziyara mafi araha. Auchentoshan da Glengoyne duk ba su kai tafiyar awa ɗaya daga Gilasgo ba, Glenkinchie kuma tana kusa da Edinbara. Ziyara ta gama-gari takan kama kimanin fam ashirin zuwa talatin ga mutum ɗaya, masu wuce fam ɗari kuwa tsohuwar wuskin da za a zuba maka kake biya, tukwanen da za ka gani su ne dai waɗanda mai ƙaramin tikiti ya gani. Ka sani cewa manyan wuraren da ke tsakiyar Edinbara, na kusa da fadar dutse da na titin Princes, ɗakunan baje koli ne, ba a dafa komai a cikinsu. Speyside tana da matatu kusan hamsin, ciki har da Glenfiddich ta garin Dufftown da ta buɗe wa baƙi ƙofa tun 1969, amma tafiyar ta wuce awa uku a mota kuma sai an kwana. Tsibirin Islay, inda matatun Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg suke, sai an hau jirgin ruwa na kusan awa biyu daga Kennacraig, iska tana iya soke tafiyar, kuma a ƙarshen watan Mayu lokacin bikinsu masauki yana wuya. Dattijo baƙo ba ya bukatar wannan wahala.

Ka kama gurbi ta intanet kafin ranar, ka tambaya ko matatar tana aiki, domin da yawa suna tsayar da dafuwa na wasu makonni a lokacin zafi don gyara. Akwai matakala masu yawa, a sa takalmi rufaffe. Abin da ya fi damuna shi ne tuƙi. Tun watan Disamba na 2014 Sikotilan ta rage iyakar barasar da doka ta yarda a samu a jinin direba zuwa miligiram 50 a mililita 100, alhali a Ingila 80 ne. Wanda aka kama zai rasa lasisi na aƙalla shekara guda, kai kuwa dole ka sanar da hukumar ma'aikatan jinya, kuma laifin zai bi ka ranar neman takardar zama. Idan kai ne direba kada ka kurɓa ko kaɗan. Galibin matatu suna zuba wa direba rabonsa a 'yan kwalabe ya tafi da shi gida.

Tambaya: Abokina ya ce tunda an rubuta single malt a kwalbar, ai irin su Maltina ce ta Turawa, ba ta bugarwa. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, wannan tambaya ba ta kamaci mai iya karatu ba, domin amsar tana rubuce a jikin kwalbar. Dokar wuskin Sikotilan ta 2009 ta ce ba a kiran abu da wannan suna sai an yi shi da ruwa da tsiron sha'ir kaɗai a matata guda, ya shekara aƙalla uku a gangar katako, kuma ƙarfin barasarsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Giyar kwalba da Hisba take fasawa a Kano kimanin kashi biyar ce. Ko abokinka bai sani ba, ko yana son ya ja ka.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Abuja. Bara na je Sikotilan da abokan hulɗa, aka kai mu wata matata, na dawo na riƙa duba abin a intanet. Yanzu wani kamfani yana kirana daga Landan cewa in sayi gangar wuski guda a kan fam dubu shida, za ta riƙa ƙara kashi ashirin cikin ɗari kowace shekara, kuma ba sai na taɓa giyar ba. Sun turo mini hoton takardar shaida mai hatimi. In saya?

Amsa: Alhaji, kada ka tura ko kwabo, kuma ka yi haƙuri domin a nan zan tsawaita. Na gaji da ganin mutanen da suke ciniki har a kan kuɗin dako a Kwari ko Wuse, amma da zarar murya mai Turancin Landan ta kira su sai su manta duk wayon da kasuwa ta koya musu. Mun ga MMM ta daskare da kuɗin jama'a a Disamba 2016, mun ga CBEX ta rushe a Afrilu 2025, kuma alamar duk ɗaya ce: riba mai yawa da aka yi alkawarinta tun kafin a sayar da komai, da gaggawa, da takarda mai kyan gani.

Ka duba abin da mai kiran naka bai faɗa ba. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, wato FCA, ba ta kula da cinikin ganguna, saboda haka idan kamfanin ya ɓace babu asusun diyya da zai biya ka. Takardar da kamfani ya buga da kansa ba hujjar mallaka ba ce. Hujja ita ce mai rumbun da gangar take ciki ya tabbatar a rubuce cewa ganga mai lamba kaza tana nan da sunanka, kuma kai kana Abuja ba ka san ko rumbun yana nan ba. A 2025 binciken BBC ya gano mutanen da aka sayar wa gangunan da babu su, da ganga guda da aka sayar wa mutane fiye da ɗaya, da waɗanda aka ninka wa farashi. Kafin nan, a 2022, jami'an Amurka sun kama wani ɗan Birtaniya a kan damfarar giya da wuski ta kimanin dala miliyan 13, kuma galibin waɗanda aka cuta dattawa ne da aka kira ta waya, kamar yadda ake kiranka.

Ko da gangar ta gaskiya ce, lissafin ba kamar yadda suka zana maka ba ne. Kowace shekara kimanin kashi biyu cikin ɗari na abin da ke ciki yana bin iska ta jikin katako, kuma idan ƙarfinsa ya sauka ƙasa da kashi 40 doka ta daina kiransa wuski. Za ka biya kuɗin ajiya da inshora, ranar fitarwa kuma akwai harajin barasa da harajin kaya na kashi 20 da kuɗin ɗurawa a kwalba. Sau da yawa ba ka da ikon rubuta sunan matatar a kwalbarka. Kasuwar kanta ta yi sanyi tun daga 2023, har wasu matatu sun rage dafuwa. Za su ba ka labarin kwalbar Macallan ta 1926 da aka yi gwanjonta a Landan a Nuwamba 2023 a kan fiye da fam miliyan biyu, amma kwalabe arba'in kaɗai aka yi na irinta, kuma ba ta da alaƙa da sabuwar gangar da ake tallata maka. Masu tara tsofaffin kwalabe ma ba su tsira ba: a 2018 an gwada kwalabe 55 a wani ɗakin bincike na jami'o'in Sikotilan da ke East Kilbride, aka samu 21 jabu ne ko ba a shekarar da aka rubuta aka yi su ba. Idan ƙwararru na can ana cutarsu haka, ina ga kai?

Sai maganar da ka fi ni sani. Cewa ba sai ka taɓa giyar ba, ba ta warware komai, tunda hadisin da ya lissafa mutum goma a kan giya ya haɗa da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Mazambata kuma suna sane da cewa mutum irinka, idan kuɗin ya salwanta, kunya ba za ta bar shi ya kai ƙara ko ya faɗa wa iyalinsa inda ya zuba su ba, shi ya sa suke naci da kiranka. Ka lissafa fam dubu shida a canjin yau, ka duba buhunan masara ko shinkafa nawa za su saya maka da kaka, a rumbun da kake riƙe da makullinsa. Ka toshe lambarsu.

Tambaya: Maigidana a wurin aiki ya ce in yo masa tsarabar wuski mai shekara goma sha biyu daga kantin matata. Na ga irinta a wani shago a gida da rabin kuɗin. In saya masa ta gida in huta?

Amsa: A'a, ɗana. Idan addininka ya hana ka ɗauka, ka gaya masa gaskiya ka kawo masa wata tsarabar, kuma ka tuna cewa shiga da ita Kano da sauran jihohin da suka haramta giya jawo wa kai fitina ne. Idan kuwa za ka saya, arhar nan ita ce abin tsoro. A Sikotilan kanta, tun Satumba 2024 doka ba ta yarda a sayar da kwalbar wuski mai santilita 70 ƙasa da fam 18.20 ba, mai shekara goma sha biyu kuma takan kai ninki biyun haka, kafin a ƙara kuɗin jirgi da na kwastan. Masu jabu suna sayen kwalaben gaskiya da aka shanye su sake cika su, kamar irin waɗanda NAFDAC ta bankaɗo a kasuwar Aba a Disamba 2023. Wani lokaci abin da ake zubawa yana ɗauke da sinadarin metanol, wanda yake makantarwa yake kisa, kuma shi ya hallaka mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Ka saya a kantin matatar ko a kantin filin jirgin sama, ka riƙe rasit, ka miƙa masa kwalbar da hatiminta ba a taɓa ba.