Amsa: Kamiyon da ke yin "ƙas" ya ƙi tashi

Malam, ka ce in ka murɗa makulli "ƙas" kawai kake ji, injin bai juyawa. Kar ka yi saurin kwance demarar, wato na'urar da ke juya injin ya tashi, tukuna.

Kunna fitilun gaba, ka sake murɗawa. In haskensu ya dusashe, batir ne ko kawunansa. Wannan farin garin da ke taruwa a kai ya isa ya tsayar da mota. Kankare shi, ka ɗaure tamau, ka duba wayar da ke kame da ƙarfen mota.

In hasken bai motsa ba, sai a zargi solenoyid, wato makunnin da ke sakar wa demarar wuta, tagullar cikinsa ta ƙone. Sa giya a firi, yaronka ya murɗa makulli ya riƙe, kai ka ɗan ƙwanƙwasa demarar da guduma. In motar ta tashi, gawayin da ke kai wuta cikin demarar ya cinye. Masu wutar mota nan Maradi suna canza shi, ba sai ka sayi sabuwa ba.