Tambaya da Amsa: Wai da gaske kamfanin Nissan ya kusa rufewa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo yawancinsu a kan magana ɗaya suke, maganar Nissan, shi ya sa na tsamo guda uku na haɗa su waje ɗaya.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan an wuni lafiya. Don Allah shawara nake nema, wani dillali ne ya kawo min Nissan Rogue ta 2014 'yar Kwatano, jikinta tsaf, kuma kuɗinta bai kai na RAV4 ɗin da nake hari ba ko kusa, to amma wani abokina da muke zama majalisa ɗaya ya ce kar in kuskura, wai kamfanin ya karye har sun fara rufe masana'antu, nan da shekara biyu ko fulogi ba zan samu ba. Gaskiya ne ko dai hirar majalisa ce? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ruwa ba ya tsami banza, amma ya haɗa magana biyu da ya kamata a raba su. Ta farko ita ce halin da kamfanin yake ciki can Japan, ta biyu kuma motar da ke fake a ƙofar gidanka.

Kamfanin dai wallahi yana jin jiki. A shekarar kuɗinsu da ta ƙare a Maris 2025 sun tafka asarar yen biliyan 670.9, wato wajen dala biliyan 4.5, kuma a watan Mayun shekarar sabon shugabansu Ivan Espinosa, ɗan ƙasar Meziko wanda ya karɓi kujerar daga hannun Makoto Uchida a watan Afrilu, ya fito ya ce za su rage ma'aikata 20,000 sannan masana'antun haɗa mota za su sauko daga 17 zuwa 10. A cikin waɗanda abin ya shafa har da ta Oppama da ke kusa da Yokohama, wadda take aiki tun 1961, sun ce za ta daina haɗa mota zuwa Maris 2028, da kuma ta Civac a Meziko wadda ita ce ta farko da suka gina a wajen Japan tun 1966. Kaga duk kamfanin da ya kai ga taɓa irin waɗannan wuraren ai ba ƙaramin matsi yake ciki ba. A lokacin da suke ganiyarsu, wajen 2017, suna sayar da mota sama da miliyan 5.7 a shekara, zuwa 2024 kuwa sun sauko miliyan 3.3 da 'yan kai, masana'antun kuma an gina su ne da lissafin wancan cinikin, to injuna na zaune, albashi na tafiya, kuɗin shiga ya ragu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne su ne fa suka riga kusan kowa fito da motar lantarki ta talakawa, Leaf, tun ƙarshen 2010, lokacin da sauran kamfanoni ke ganin abin kamar wasa. Sai suka zauna a kanta, har kamfanonin Chaina irin su BYD suka zo suka wuce su, a Chaina ɗin da Nissan ke sayar da mota wajen miliyan 1.5 a 2018, zuwa 2024 ba su kai 700,000 ba. A Amurka kuma mutane suka koma son mota mai haɗa fetur da batir, Toyota da Honda suna ta kwasar ciniki, a lokacin Nissan ba ta da irinta a kasuwar, sai dai ta yi ta karya farashi don a saya, kuma mota in ta saba da ragi to darajarta a hannu na biyu ma faɗuwa take. Ana cikin haka gwamnatin Trump ta ɗora harajin kashi 25 a kan motocin da ake shigarwa Amurka a Afrilun 2025, su kuma ƙananan motocinsu irin Sentra da Versa daga Meziko suke shigo da su.

Amma fa ba yau suka fara shiga irin wannan ramin ba. A 1999 saura ƙiris su durƙushe, Renault ta Faransa ta sayi kashi 36.8 na kamfanin ta turo Carlos Ghosn, ya rufe masana'antu biyar ya rage ma'aikata 21,000, cikin 'yan shekaru suka dawo cin riba. Shi ɗin ne kuma daga baya aka kama a Tokyo a Nuwamban 2018 bisa zargin ɓoye ainihin albashinsa, zargin da ya musanta, ya gudu Labanan a Disamban 2019 a cikin akwatin kayan kiɗa. A ganina tun daga wannan rikicin gidan bai sake zama daidai ba, shekarun da ya kamata a yi su ana fito da sababbin motoci sai aka ɓata su a rigimar shugabanci da ja-in-ja da Renault.

Yanzu mu dawo kan Rogue ɗinka. Ni ba rufe kamfani ne zai sa in ce ka dakata ba, giyarta ce. Rogue ta 2014 giyar CVT gare ta, wadda kamfanin Jatco ke yi musu, ita ba haƙora take canzawa kamar atomatik ɗin da kanikawanmu suka saba da shi ba, bel ne na ƙarfe yake gudu a tsakanin fuli biyu, kuma ba ta son zafi ba ta son wasa da mai. Ƙorafi a kanta ya yi yawa a Amurka har kamfanin da kansa ya tsawaita garantin giyar na motocin 2003 zuwa 2010 ya kai shekara 10 ko mil 120,000. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ka ga ta fi RAV4 araha. In dai ranka ya kwanta da ita, ka tafi da bakanike wanda ya san CVT, ba na gaba-gaɗi ba, a sa mata kwamfuta, sannan ku hau titi ku yi tafiya mai ɗan nisa har ta ɗau zafi sosai, ba zagayen layi ɗaya ba. In ka ji tana karkarwa wajen tashi, ko tana wani kuka siriri, ko ka taka ta ƙi ja bayan ta yi zafi, ka miƙa wa dillali makullinsa komai kyan fentinta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni Nissan X-Trail gare ni shekara huɗu ke nan, da ita nake kai yara makaranta in wuce wajen aiki, ba ta taɓa ba ni matsala ba, amma tunda maganar nan ta fito maigidana yake cewa mu sayar tun tana da daraja kafin kayan gyaranta su ɓace a kasuwa. Ni kuma ina son motata. Ya kake gani? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya barka kadai. Damuwar maigida tana da tushe, kowa yana tsoron ya wayi gari da mota a gareji babu kayanta, amma ki ce masa ya leƙa titi ya ƙirga Pontiac Vibe nawa za su wuce a minti goma. General Motors ta kashe sunan Pontiac ɗungurungum tun 2010, ita Vibe ɗin ma an daina yin ta tun 2009, amma har gobe rububinta ake a nan Arewa. Na san za a ce ai ita cikinta Toyota ce, injinta irin na Matrix da Corolla, haka ne, kuma wannan ɗin shi ne darasin, abin da ke raya mota a ƙasar nan yawan 'yan'uwanta a duniya ne, ba lafiyar ofishin kamfanin ba. Ku da kuke Kaduna ma kun fi kowa sani, tun yaushe aka daina haɗa Fijo 504 da 406, amma har yau in kin shiga Panteka za ki samu kayansu.

X-Trail da Rogue kuwa miliyoyi aka sayar a Amurka da Turai da Gabas ta Tsakiya, kuma kayan da muke saye a Panteka ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas yawancinsu ba daga kantin Nissan suke fitowa ba, ko dai na gwanjo ne da aka kwance daga motocin da suka yi hatsari a waje, ko kuma na kamfanonin da dama su ke yi wa kowa, fulogi na NGK, shakazoba na KYB, da sauran na Chaina da Taiwan. Waɗannan ba za su daina ba muddin akwai mai saye. Inda za a iya jin tsada nan gaba shi ne kayan lantarki na sababbin samfura, su sensa da kwamfutar mota, waɗanda ba kowa ke kwaikwayonsu ba.

Ni dai motar da ta yi miki shekara huɗu lafiya, kin san halinta kin san wanda ke taɓa ta, ba zan ce ki sayar ki ɗauko wadda ba ki san tarihinta ba a wannan tsadar. Abu ɗaya zan roƙe ki, in mai CVT ce kar ki bari a zuba mata man giyar atomatik na gama-gari don an ce ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, nata daban yake, NS-2 ko NS-3 gwargwadon shekararta, a duba littafinta, kuma ki riƙa canzawa kamar duk kilomita 50,000 saboda zafinmu da cunkoso.

TAMBAYA: Ina kwana Malam. Na ji a rediyo an ce Honda za ta haɗe da Nissan, daga baya kuma shiru. Me ya faru, kuma wa zai ɗauke su yanzu? Daga wani direba a Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau ɗan'uwa, a gaida mutanen Maraɗi. Eh an yi wannan maganar, a Disamban 2024 suka sa hannu cewa za su tattauna haɗewa, da ta yiwu da sun zama na uku a duniya wajen yawan ciniki bayan Toyota da Volkswagen. Ko wata biyu ba a rufa ba, a Fabrairun 2025, maganar ta watse, saboda Honda ta ga gyaran da Nissan ke yi yana tafiyar hawainiya, sai ta canza tayin ta ce maimakon a zauna kafaɗa da kafaɗa, Nissan ta koma ƙarƙashinta, su kuma shugabannin Nissan suka ce ba za ta saɓu ba. Na fahimci zafin abin, kamfanin da aka kafa tun 1933 a ce ya koma yaron abokin hamayyarsa, amma in ka tuna mutum 20,000 da za su rasa abinci sai ka ga girman kan ya yi tsada da yawa.

Renault kuma da ta cece su a 1999 ja da baya take yi, tun 2023 suka sake tsarin ƙawancen ta yarda ta sauke hannun jarinta daga kashi 43 zuwa 15. An kuma yi ta ambaton Foxconn na Taiwan, masu haɗa iPhone, waɗanda ke neman shiga harkar motar lantarki. A nawa hangen, komai ramar giwa ta fi kwando goma, kamfanin da har yanzu yake sayar da mota sama da miliyan uku a shekara ba ya ɓacewa dare ɗaya, abin da ya fi kusa shi ne ya ƙanƙance, ya zubar da wasu samfura da wasu kasuwanni kamar yadda ya yi wa sunan Datsun a 2022, ko kuma ya ƙare a hannun wani babba sunan yana nan a gaban mota. Abin da zan sa wa ido shi ne ko sababbin motocinsu masu haɗa fetur da batir za su karɓu a Amurka, don can ne kuɗin yake. Ku kuma masu Nissan Urvan da Patrol da tsohuwar Hardbody a hanyar Maraɗi zuwa Katsina, waɗannan ba CVT gare su ba, ku ci gaba da lodinku, ku dai kula da baƙin mai da ruwan lagireto.