Manhajar AI ta shigo ofishinmu a banki: in nemi wata sana'a ne?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyar ina aiki a wani banki, a sashen bayar da rance. Aikina duba takardun masu neman bashi, in tantance abin da ke shiga asusunsu da abin da ke fita, in rubuta rahoto in miƙa wa manaja. Kwanan nan aka kawo mana wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI. Abin da nake kwashe rabin yini ina fama da shi, ita kafin in gyara zama ta gama. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In fara neman wata sana'a ne? Sannan ina da ƙane yana aji biyu a jami'a, yana karatun akanta. In ce masa ya sauya fanni?

Amsa

Wa'alaikumus salam Malama. Kada ki ajiye aikinki, kuma kada ki ce wa ƙanenki ya sauya fanni. Sai dai ba zan ce miki "ba komai" ba, domin da komai. Kuma in gaya miki gaskiya, na fi jin tsoro a kan ƙanen naki fiye da ke. Zan zo kan dalilin.

Mu fara da yininki a ofis. Abin da kike kira "aikina" ƙunshi ne na ƙananan ayyuka da aka ɗaure wuri ɗaya aka ba shi suna. Akwai kwafe lambobi daga takardar bayanin asusu. Akwai tara su da rarraba su wata-wata. Akwai tsara rahoto a kan fom ɗin da banki ya saba. Sannan akwai ɗaga waya ki kira mai neman bashin ki ce, "Alhaji, me ya sa cinikinka ya faɗi warwas a watanni uku a jere?" ki saurari amsarsa, ki ji ko ta zauna ko tana rawa. A ƙarshe kuma akwai sa hannu. Manhajar da aka kawo muku ta cinye ukun farko, kuma ba za su dawo ba. Biyun ƙarshe suna nan a teburinki. Saboda haka ki zauna ki lissafa: cikin awa takwas ɗinki, nawa ke tafiya a kwafe-kwafe, nawa ke tafiya a tambaya da yanke hukunci? Wannan lissafin ne zai nuna miki inda kika tsaya.

Ba yau na'ura ta fara tsorata ma'aikatan banki ba. A watan Yunin 1967 bankin Barclays ya kafa na'urar cire kuɗi ta farko, wato ATM, a unguwar Enfield da ke Landan, aka yi ta cewa kwanan masu zama a kanta suna ƙirga kuɗi ya ƙare. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Boston, James Bessen, ya bi lissafin abin da ya faru a Amurka. Tsakanin 1988 da 2004, yawan kashiyoyin da reshen banki ɗaya ke buƙata a birane ya sauko daga 20 zuwa 13. Amma da buɗe reshe ya yi araha, bankuna suka ƙara rassa a birane da kashi 43 cikin 100, jimillar kashiyoyi ba ta ragu ba. Masu son kwantar wa mutane hankali nan suke tsayar da labarin. Ni ba na tsayawa nan, domin daga baya wayar hannu ta zo, mutane suka daina zuwa reshe gaba ɗaya, yawan kashiyoyin ya shiga raguwa. ATM ta karɓe wani ɓangare na aikin ne kawai, aikin ya rayu. Waya kuwa ta kawar da dalilin shiga banki. Ki riƙe bambancin nan, da shi ake auna kowace sabuwar fasaha.

Lissafin na'ura kansa tsohon abu ne a harkar kuɗi. Tun 1989 kamfanin FICO ke ba Amurkawa maki na cancantar bashi. Tun farkon shekarun 1990 kamfanonin kati ke amfani da manhajoji masu koyo daga bayanai don kama satar kati. A 2017 bankin JPMorgan ya bayyana cewa wata manhajarsa mai suna COiN tana duba yarjejeniyoyin rance da a da ke cin awa 360,000 na lauyoyi da jami'an rance a shekara. Abin da ya sauya bayan fitowar manhajar hira ta ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 shi ne na'urar ta iya magana. Tana karanta wasiƙa, ta taƙaita rahoto, ta amsa wa kwastoma. Shi ya sa guguwar ta iso teburin mai biro da takarda irinki, alhali a da ma'aikacin masana'anta take fara kaɗawa.

Za ki riƙa jin manyan alƙaluma. A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya AI za ta taɓa su: kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 40 a masu tasowa, kashi 26 a masu ƙaramin ƙarfi. Jaridu da yawa sun juya "taɓawa" ta zama "kashewa", alhali rahoton ya ce a ƙasashe masu arziki kusan rabin ayyukan da za a taɓa ɗin amfana za su yi. Taron Tattalin Arziki na Duniya mai zama a Davos kuma, a rahotonsa na 2025, ya yi hasashen cewa zuwa 2030 za a rasa ayyuka miliyan 92, a samu sababbi miliyan 170, ya kuma sa kashiyan banki da mai shigar da bayanai cikin waɗanda suka fi saurin raguwa. Hasashe ne duka, kuma masana kan yi kuskure. Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a 2016 a daina horar da likitoci masu duba hoton asibiti domin na'ura na gab da wuce su. Har yau asibitoci neman waɗannan likitocin suke yi.

Ni na fi kallon abin da kamfanoni suka aikata a kan abin da aka yi hasashe. Kamfanin hada-hadar kuɗi na Klarna da ke Suwidin ya sanar a Fabrairun 2024 cewa manhajarsa mai amsa wa kwastomomi ta yi hira miliyan 2.3 a wata guda, aikin mutum 700. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, shugaban kamfanin ya amsa da bakinsa cewa bin araha ya jawo inganci ya faɗi, za su sake ɗaukar mutane domin kwastoma ya samu ɗan'adam idan ya nema. Bankin DBS na Singafo kuwa a Fabrairun 2025 ya ce cikin shekara uku zai rage guraben ma'aikatan wucin gadi da na kwantaragi kusan 4,000, ya buɗe sababbi kusan 1,000 masu alaƙa da AI. Ki lura da salon: bai ce zai kori ma'aikatan dindindin ba. Kwantaragi ne zai ƙare a ƙi sabuntawa, wani ya tafi a ƙi maye gurbinsa.

To a nan maganar ƙanenki ta shigo. Ki tuna yadda kika iya aikin nan. Da kwafe lambobin da kike ƙorafi a kansu kika koya. Sai da ɗaruruwan takardun asusu suka bi ta hannunki kafin idonki ya fara gane wanda aka yi wa kwaskwarima. Aikin wahalar nan shi ne makarantar, shi ne kuma ainihin abin da na'ura ta ɗauke. Banki zai riƙe gogaggu irinki, ya rage ɗaukar sababbi, domin abin da sabon ma'aikaci ke yi a shekararsa ta farko yanzu manhaja na yi. Matakalar farko ta tsani ce ke karyewa, shi kuwa a gindin tsanin yake tsaye.

Akwai ɗaya gefen kuma, don a yi adalci. Wani bincike da masanin tattalin arziki Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa suka yi a kan masu amsa wa kwastomomi sama da 5,000 ya nuna cewa AI ta ƙara musu yawan aikin da suke kammalawa da kusan kashi 14 cikin 100, amma sababbin shiga ƙarinsu ya kai kashi 34, gogaggu kuwa da ƙyar aka ga bambanci. Wato wanda ya samu shiga, na'urar na saurin ɗaga shi. Shigar ce ta yi wuya. Don haka ki ce masa ya riƙe akantancinsa da kyau, musamman binciken kuɗi da haraji da dokokin da suka shafe su, domin a nan doka ke neman sa hannun mutum mai lasisi. Ya iya sarrafa bayanai a kwamfuta fiye da abin da ake koyarwa a aji. Kuma duk hutun da ya samu ya nemi inda zai taɓa littafin kuɗi na gaske, ko na ƙaramin kamfani ne, ko ba biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ya bari manhaja ta riƙa yi masa aikin gida, domin wanda bai taɓa daidaita lissafi da hannunsa ba, ba zai gane ranar da na'ura ta yi masa shirme ba.

Tana kuwa yi. Irin wadda ke rubutu, kalma take harhaɗawa bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, shi ya sa take iya ƙirƙiro lamba ko doka ta faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa. Ki ɗauki misalin da na tabbata kin taɓa gani. Mai neman rance ya kawo takardar asusu ta wata shida, kuɗi na shiga ba ƙaƙƙautawa. Manhaja ta tara, ta rubuta cewa ciniki na bunƙasa. Ke kuma kika lura duk ranar Litinin kuɗi ya shigo daga asusu guda, ranar Laraba kusan adadin ya fita zuwa wani asusu mai sunan mahaifi iri ɗaya. Kuɗi ɗaya ne ke zagaye tsakanin wa da ƙane don takarda ta yi kyau. Ana iya koya wa na'ura kama wannan dabarar, kuma za a koya mata, amma gobe za a ɓullo da wata. Idan bashin ya maƙale, ba manhaja kwamitin rance zai kira ba. A Fabrairun 2024 wata kotu a Kanada ta tilasta wa kamfanin jiragen Air Canada biyan wani fasinja diyya saboda bayanin ƙarya da manhajar hira ta shafinsa ta ba shi, ta yi watsi da hujjar kamfanin cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta sa tantance cancantar bashin mutum cikin abubuwa masu babban haɗari, waɗanda dole a samu ɗan'adam yana sa ido a kansu.

Ta fuskar kwastoma kuma abin ya zo da daɗi da ɗaci. Wanda ba shi da jingina kuma bai taɓa cin bashin banki ba yanzu ana iya auna shi da yadda yake hada-hada a waya, kamar yadda M-Shwari, mai ba da rance ta waya, ta fara a Kenya tun 2012. Amma na'ura daga tarihi take koyo, idan tarihin ya saba hana wasu mutane rance, za ta ci gaba da hana su cikin ladabi, ba tare da ta faɗi dalili ba. Su ma 'yan damfara sun samu makami. A farkon 2024 wani ma'aikacin kuɗi na kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar shugaban sashen kuɗi da ta abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura dalar Amurka kusan miliyan 25. Duk fuskokin na jabu ne. Kowace irin wannan ɓarna tana buɗe gurbi a sashen yaƙi da zamba, da sashen bin doka, da na duba ingancin manhajojin kansu. Can ne na ga ya dace ki riƙa leƙawa.

A yanzu, ki zama wadda ta fi kowa sanin manhajar nan a sashenku, har da inda take tuntuɓe. Ki buɗe ɗan littafi, duk ranar da ta yi kuskure ki rubuta kwanan wata da irin takardar da abin da ta ɓata. Bayan wata uku ki kai wa manaja. Kada ki taɓa liƙa bayanan kwastoma a manhajar hira ta waje wadda banki bai amince da ita ba, wannan kaɗai na iya raba ki da aiki tun kafin AI ta yi. Rabin yinin da ta sauƙaƙe miki kuma kada ya tafi a banza, ki nemi a riƙa tafiya da ke ziyarar masu neman rance, ki nemi zama a bayan kwamiti ki ji yadda ake yanke hukunci. Idan kuma kika ga an shekara ba a ɗauki sabon mutum a sashenku ba, ana ta haɗe tebura, kuma ba a maganar horar da kowa, to lokacin ne za ki sabunta takardunki ki fara neman canjin sashe, tun kina da albashi a hannu.