Ba bitamin kajinki suke nema ba, ki duba zakaran

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya mai tambaya a kan kajinta, wallahi tun da na karanta abin da kika rubuta hankalina ya kasa kwanciya, dan duk abin da kika lissafa na gan shi da idona a gidana. Kin ce zakara ɗaya gare ki, ƙato mai kyau, shekara uku yana cikin kajin, yawancin kajin da ke akurkin yanzu ma 'ya'yansa ne da jikokinsa, kaza ta kwanta a kan ƙwai sha biyu ta tashi da uku ko huɗu sauran duk baragurbi, waɗanda suka fito ɗin ma ba sa kai sati biyu, kuma kajin suna gudun zakaran. Kina tambayar wane bitamin za ki zuba musu a ruwa. Na ga an jero miki sunayen magunguna, Allah ya saka wa kowa da alheri, amma ni roƙona ki ajiye kuɗin maganin nan tukuna ki duba zakaran.

Ni a da kajin Hausa nake kiwo, irin na wajen kakata, zakaru uku ko huɗu na yawo a tsakar gida, su yi faɗa su gaji, kaji su yi kwanci su fito da 'yan tsakinsu reras, in ban da shirwa da fakat lokacin hunturu ba abin da ke damuna. Sai aka haɗa ni da wani mutum wai shi ƙwararre ne a harkar kaji. Ya zo har gida, ya tsaya a bakin akurki ya ƙare wa zakaruna kallo ya ja tsaki, ya ce Hajiya waɗannan ai ɓata miki iri suke, ki yanka su duka ki zuba a miya, zan kawo miki zakara ɗaya tal wanda zai canza miki gida. Ya kawo Brahma, wani irin zakaran ƙasar waje, ƙato, gashi har ƙafa, in ya tsaya sai ka ce talo-talo. Kuɗin adashina na kwasa na ba shi. Ya ja min kunne kar in bar wani zakara ya raɓi kajin, kuma kar in sayar da 'ya'yan mata, in bar shi ya ci gaba da taka su, wai haka ake tace jini. Da bakinsa ya faɗa, har yau ina da muryar a wayata.

Zubin farko ba laifi, 'yan tsaki manya manya, na yi ta murna. Daga na biyu zuwa na uku ne abu ya juye. Akwai wata baƙar kaza da nake ji da ita, uwa ce ta gaske, ta kwanta kwana 21 ya cika ba motsi, ta ƙi tashi, ta zauna har ƙashin ƙirjinta ya fito, in na ɗaga ta sai in ji kamar ba komai a hannuna. Ranar da na cire ƙwan na zauna a bayan ɗaki ina fasawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu ruwa ne kawai mai wari. Wasu kuma, Hajiya, tsako ne cikakke da gashinsa da komai, ya mutu a ciki bai samu ƙarfin fasa ɓawon ba, wani ma bakinsa a karkace. Na wata kazar da suka fito ƙafafunsu a bubbuɗe, ba sa iya tsayuwa, autata ta saka su a kwali ta kunna musu fitila tana ɗiga musu ruwa da yatsa, da asuba ta leƙa ta tarar sun sandare. Kukan da yarinyar nan ta yi har makaranta ta ƙi zuwa. Ni kaina sai da na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Da na kira mutumin nan ya ce ai jinin ne ya tsufa, in ƙara kuɗi ya kawo min sabon jini daga wata gona. Ya kawo wani zakaran, ba abin da ya canza. Daga baya yaron da ke masa aiki ne tausayi ya kama shi, ya gaya min uwa ɗaya uba ɗaya suke da na farkon, daga keji ɗaya aka ɗauko su. Da na tuhume shi sai cewa ya yi ni ce ban iya kiwo ba, mata dama ba ku da haƙurin kiwo, ƙila ma baki aka yi wa kajin in je in nemi taimako. Daga nan ya daina ɗaga wayata. Ban yafe ba wallahi, dan na san ba ni kaɗai ya yi wa haka ba, kuma har yanzu yana nan yana ɗora hotunan zakaru yana kiran mutane su zo su gyara iri. Kuɗin ba shi ya fi ci min rai ba, irin kajin kakata da ya sa na yanka zakarunsu, su ne ba zan ƙara samu ba.

Ƙanina da ya karanta ilimin halittu shi ya zaunar da ni ya warware min abin. Ya ce Yaya, kaza fa ba zaune take kawai tana jiran wanda ya zo ba, zaɓe take yi, kuma zaɓen nan nata da faɗan da zakaru ke yi a tsakaninsu shi ke tace garken. Tun 1871 Charles Darwin ya yi dogon rubutu a kan wannan, cewa wutsiyar dawisu da ƙahon rago da zankon zakara duk daga nan suka samo asali, maza na gasa mata na zaɓa. A 1990 wata mai bincike a Amurka, Marlene Zuk, ita da abokan aikinta sun gwada a kan kajin daji na Asiya waɗanda su ne asalin kajinmu na gida. Suka saka wa wasu 'yan tsaki tsutsar ciki, wasu ba a saka musu ba. Da suka girma, masu tsutsar zankonsu ya fito ƙarami kuma ya koɗe, da aka bai wa kaji zaɓi sai suka fi zuwa wajen masu babban zanko jajir. Kin ga kenan jan nan na kan zakara da muke ɗauka ado ne, kaza lafiyarsa take karantawa a jiki. Ni na tsaya kallon girma da gashin ƙafa saboda abin da aka nuna min kenan, ita kuwa wani abu daban take dubawa.

Wanda ya fi ba ni mamaki ma, a 2000 Tommaso Pizzari da Tim Birkhead sun nuna cewa in zakaran da ba ya da ƙarfi a garke ya danne kaza da tsiya, tana iya fitar da maniyyinsa bayan ya sauka. Daga baya kuma aka gano in ɗan uwanta ne ya taka ta, abin da jikinta ke riƙewa ya fi kaɗan. Shi ya sa da kika ce kajinki na gudun zakaran gabana ya faɗi. Ki zauna da safe ki kalle shi. Zakara na kirki in ya samu abinci ba ya ci, ɗauka yake ya ajiye yana kiran kaji da 'yar muryar nan, sannan ya saki fiffike ɗaya ƙasa yana zagaya kaza, in ta yarda ita da kanta za ta durƙusa. Nawa Brahman bai taɓa yin ko ɗaya ba, bin su kawai yake da gudu ya danne da nauyinsa, bayan kajina duk ya tsige jajir. Kyan ɗan maciji kawai.

Sannan akwai binciken da ƙanin nawa ya fi nanata min, na ƙwaron nan ja ƙarami da ke shiga garin alkama in ya daɗe. A jami'ar East Anglia ta Ingila, su Matt Gage suka raba ƙwarin, a wani ɓangare maza 90 na gasa a kan mata 10, a wani kuma namiji ɗaya mace ɗaya, ba gasa ba zaɓi. Suka bar su a haka shekara kusan bakwai, sannan suka fara haɗa wa da ƙanwa zubi bayan zubi. Waɗanda ba su da zaɓi duk sun ƙare kafin su wuce zubi na 10, a masu gasar kuwa akwai waɗanda suka kai zubi na 20 da ransu. A 2015 aka fitar da sakamakon. Bayanin shi ne kowace dabba tana ɗauke da 'yan lahani a ɓoye cikin jininta, namijin da nasa suka yi yawa ba ya cin gasa, mata ba sa kula shi, sai lahanin ya tafi da shi. In kika cire gasar kika cire zaɓin, kika kuma haɗa uba da 'ya, to lahanin ta uwa da ta uba yake haɗuwa a cikin ƙwai ɗaya. Abin da aka sa ni na yi kenan, kuma shi nake gani a naki.

Kuma dan Allah masu tumaki a nan ku ji wannan, dan yana ci min tuwo a ƙwarya duk shekara. Babbar Sallah na zuwa mu zaɓi ragon da ya fi kowanne ƙira da ƙaho mu kai kasuwa, mu bar ɗan ƙanjamamme yana bin tumaki, sannan mu ce Balami ya lalace, Uda ba kamar da ba. A Kanada akwai wani dutse da ake kira Ram Mountain, mafarauta suka yi shekara 30 suna harbe ragunan daji masu manyan ƙahoni, a 2003 bincike ya nuna ƙahon garken da nauyin jikinsu duk sun ragu. Ku bar rago mai kyau ya yi barbara ko shekara ɗaya ce kafin a sayar. Talo-talon turawa farare ɗin nan ma an yi ta zaɓen masu faɗin ƙirji har namijin ya kasa hawa macen, sai da hannu ake musu.

To Hajiya, ki samu tocila mai ƙarfi ki haska ƙwan da dare a kwana na bakwai zuwa goma na kwanci. In kin ga fayau ba jijiyoyin jini, zakaran ne ba ya aiki, ko tsufa ko ƙiba, dan zakaran da ya wuce shekara uku ƙarfinsa raguwa yake. In kuma tsako na farawa ya mutu a ciki, ki zargi jini, sai dai zafin bazara ma yana yin haka, da ƙwan da aka tara ya wuce sati kafin a ba kaza. Ki fitar da zakaran nan da 'ya'yansa maza duka. Ki nemo matasan zakaru biyu daga gidaje daban daban, ƙauye daban ma in da hali, masu jan zanko a tsaye da ido garau, kuma kar ki saya a hannun wanda ya sayar miki da na farko komai rantsuwar da zai yi. Amma kar ki cika su da yawa, in zakaru suka yi yawa kajin ne ke shan wuya, ɗaya ga kaji takwas zuwa goma ya isa, kuma a sake su a fili inda kaza za ta iya kauce wa wanda ba ta so. Sababbin ki ware su sati biyu tukuna, ki ba su maganin tsutsa, ki yi musu rigakafin fakat. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har sati biyu zuwa uku, saboda haka ƙwan da za su yi a wannan tsakanin na tsohon ne, ki soya wa yara, sai bayan nan ki fara tara na kwanci. In kin haska ƙwan ki ɗora mana hoton a nan mu duba tare, ki haɗa da hoton zakaran ta gefe yadda zankon zai fito sosai.