Tambayoyin Masu Karatu: Motar Rimot Mai Zabura Da Kanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramar motar tsere mai aiki da batir, wadda ake tuƙawa da rimot mai sitiyari a gefe da kunama a ƙasa. Da zarar na kunna ta sai ta zabura da kanta, kuma ko ban taɓa sitiyarin ba tana karkata hagu. Shin rimot ɗin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce lalacewa ce, domin alamun da ka bayyana sun fi kama da na rashin saiti. Kafin komai, ka ɗora motar a kan wani abu yadda tayoyinta ba za su taɓa ƙasa ba, kuma ka riƙe wannan ƙa'ida: rimot ake fara kunnawa sannan mota, wajen kashewa kuwa mota ce farko, don kada na'urar karɓar sigina ta zauna babu mai ba ta umarni.

Rimot ɗin zamani yana aiki ne a zangon rediyo na gigahaz 2.4, kuma sai an haɗa shi da na'urar karɓa ta cikin motar, galibi ta hanyar danna wani ƙaramin maɓalli yayin kunnawa, kamar yadda takardar kamfanin ta nuna. A rimot da yawa, matsayin da kunama take a lokacin haɗin shi ne motar za ta koma idan sigina ya yanke, saboda haka kada yatsanka ya kasance a kanta.

Umarnin da na'urar karɓa take bai wa injin da sitiyari bugun lantarki ne mai tsawon milisakan 1 zuwa 2, kuma 1.5 shi ne tsakiya, wato tsayawa cik. Idan maɓallin daidaita totur da ke jikin rimot ya goce daga tsakiya, na'urar sarrafa gudun injin za ta ɗauka an ce ta tafi. Ka mayar da shi sifili, wato tsakiya, sannan ka sake koya wa na'urar sarrafa gudun matsayi uku na kunama: tsakiya, cikakken totur, da cikakken birki.

Batun karkata kuwa, mutane da yawa suna ta murɗa maɓallin daidaita sitiyari har ƙarshensa, wanda a ganina ɓoye matsala ne kawai, domin motar za ta riƙa juyawa sosai a gefe ɗaya, ta kasa a ɗayan. Abin da ya dace shi ne a mayar da maɓallin tsakiya, a kwance hannun ƙaramin injin da ke juya tayoyin gaba, a sake ɗaura shi tayoyin na kallon gaba sak, sannan a gyara ɗan abin da ya rage da maɓallin. Idan ka ji ƙaramin injin yana gunji bayan sitiyari ya kai ƙarshe, ka rage iyakar juyawarsa a rimot, in ba haka ba haƙoransa za su cinye.

Tambaya: Ni da ƙanena za mu iya tuƙa motocinmu a wuri ɗaya ba tare da sigina ya cakuɗe ba?

Amsa: Za ku iya, matuƙar rimot ɗinku na gigahaz 2.4 ne, domin kowanne motarsa kaɗai ta san shi. Tsofaffin da ke aiki a megahaz 27 ne suke shiga juna idan suna kan tasha ɗaya, kuma sai ɗayanku ya sauya tasha.