Amsa: Shin jijiyar hannu da ta tsinke tana sake tsirowa?

Sannu da jinya, Malam. Ka ce ƙanenka ya faɗi da kabu-kabu a hanyar Tibiri, ƙarfe ya yanke shi a wuyan hannu, an ɗinke, amma yatsu uku ba sa ji har yanzu.

Jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi tana tsirowa, in an haɗa bakinta biyu daidai. Jijiyoyin hannu da ƙafa suna da wasu ƙwayoyin halitta, masu sunan Schwann, da ke share ɓangaren da ya mutu su shimfiɗa wa sabon zaren jijiya hanya. Sai dai tafiyar hawainiya ce, kamar milimita 1 a rana. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa wajen santimita 18 ne, ka ga watanni shida ke nan ko fiye.

Laka da ƙwaƙwalwa ba su da wannan gatan. A 1981, a jami'ar McGill ta Kanada, Samuel David da Albert Aguayo sun dasa wa ɓeraye guntun jijiyar ƙafa a laka, sai zaren lakar ya tsiro a cikinsa. Ashe ba gazawa ya yi ba, muhallinsa ne ke danne shi.

Abin da nake jin tsoro: ɗinke fata daban, ɗinke jijiya daban. Ku koma asibiti ku tambayi likitan tiyata ko an haɗa ta. Mai ɗori ba zai iya wannan ba. Tsokar da ta wuce shekara ɗaya da rabi ba jijiya da wuya ta farfaɗo. Ya riƙa motsa yatsun, ya bar shan taba, ya kuma yi hattara da kofin shayi, don zai ƙone bai sani ba.

Allah ya ba shi lafiya.