Ina son zane, amma a gida an ce aikin banza ne: in ci gaba ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Tun ina firamare nake zane da biro da gawayi. Baffana ya ce aikin banza ne, abokai suna yi min tsiya, wani kuma ya ce haramun ne. Abin da ya fi damuna shi ne idan na ga zanen da ake sakawa a Facebook, wanda ba ka bambanta shi da hoton kyamara, sai in ji nawa shirme ne, har in yayyaga shi. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka ci gaba. Kuma daga yau ka daina yaga aikinka, domin a duk abin da ka faɗa, wannan ne ya fi tayar min da hankali.

Raina aikinka da kake yi ba ya nuna cewa ba ka da baiwa. A koyon zane, ido yana riga hannu ƙwarewa. Yau kana iya gane cewa wuyan rago ya yi tsawo, ko inuwa ta faɗi inda bai kamata ba, alhali bara ba ka ganin haka. Idon ya buɗe, saura hannun ya tarar da shi. Mu da muke koyar da zane, ɗalibin da muke jin tsoro shi ne wanda komai ya zana sai ya ce ya yi daidai, don shi ba ya gaba. Idan kana yaga takardunka, ka rasa hanyar da za ka gane ko kana ci gaba. Ka rubuta kwanan wata a bayan kowane zane, ka sa a leda, ka rataye inda gara da laimar damina ba za su taɓa ba. Bayan wata uku ka fito da na farko da na ƙarshe ka jera su a tabarma. A nan za ka yi wa kanka hukunci na adalci.

Masu zanen da kake gani a waya, da yawansu hoto suke ɗorawa a gaba, su tsaga shi gida-gida da layuka, su riƙa kwafa murabba'i bayan murabba'i. Aiki ɗaya yakan ci makonni, sannan a matse shi cikin bidiyon minti ɗaya. Ƙwarewa ce, ban raina ta ba, amma reshe ɗaya ce kawai, kuma ba a nuna maka waɗanda suka lalace. Kai ka ɗauki randar gidanku ka ajiye a bakin ƙofa da hantsi. Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka duba inda haske ya sauka a kafaɗarta, da inda duhu ya fi kauri a ƙarƙashin cikinta, da ɗan hasken da ƙasa take mayarwa a gindinta. Ka zana da gawayi a takardar buhun siminti, ka murza da yatsa inda inuwa ta yi laushi. Da la'asar ka sake zana ta, za ka ga inuwar ta koma ɗaya gefen. Wanda ya iya randa, ya kama hanyar iya komai mai zagaye.

Batun haramci kuwa, ni malamin zane ne, fatawa ta malaman addini ce, sai ka je wurin wanda ka amince da iliminsa. Abin da aka sani shi ne maganar tana kan surar abu mai rai. A Bukhari da Muslim an rawaito cewa wani mai sana'ar yin surori ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda, sai ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa cewa in dole sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Ka ga bai rufe masa ƙofa gaba ɗaya ba. Fili ne mai faɗi: gonaki, rumbuna, kogi, gine-gine, zayyana, rubutu mai ado.

Shi kuwa Baffa, kada ka ɗauke shi maƙiyin baiwarka. Tsoronsa kada ka girma ba ka da abin riƙe gida, kuma tsoro ne mai hujja. Sai dai kalmar aikin banza ba ta dace da ƙasar nan ba. A jiharku ta Jigawa, a duwatsun Birnin Kudu, akwai shanun da mutanen dauri suka zana a jikin dutse, har yau ana zuwa kallonsu. Masallacin Juma'a na Zariya aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, tun ƙarni na 19. Ladi Kwali a ƙauye ta koyi ginin tukwane, a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane ta garin da yanzu ake kira Suleja, yau hotonta ne a bayan naira ashirin. Ita kanta babbar rigar da Baffa yake sawa ran sallah, mai aska biyu ko aska takwas, sai da wani ya zana fasalin a kan yadi kafin allura ta bi. Haka hula, haka allon da ake yi wa zayyana ran saukar Alƙur'ani, haka dagin da ke saman ƙofar zaure.

Gardama ba za ta sauya masa ra'ayi ba. Da damina ka riga kowa zuwa gona, kada a ce zane ya hana ka noma. Da rani, lokacin da aiki ya yi sauƙi, ka nemi mai rubuta allon shaguna ko mai zanen huluna a Ringim ko Kano ka zauna a ƙarƙashinsa. Can za ka koyi haɗa fenti, da auna haruffa, da yadda ake yanke kuɗin aiki. Makarantun firamare da na Islamiyya suna buƙatar mai zana haruffa da taswira a bango. Ba zan ce maka zane zai wadata ka nan kusa ba, shi ya sa nake so ya tafi tare da noma ko wata sana'ar. In kuma kana da takardar sakandare, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyar da zane wanda ya daɗe yana yaye ƙwararru, akwai kuma kwalejojin ilimi da ke koyar da shi.

Tsiyar abokai ba ta kai ka ɓata dare a kanta ba. Wanda ya kamata ka saurara shi ne mai iya nuna maka da yatsa inda aikin ya karkace, ya kuma faɗi yadda za a gyara. Ka nemi mutum ɗaya irin wannan, ko da tela ne mai aikin surfani, ka riƙa kai masa aikinka. Kuɗin farko da ka samu kuma, komai ƙanƙantarsa, ka sayi goro ka kai wa Baffa, ka gaya masa daga inda ya fito.